Mai Fatsa a Kan Duwatsu, Ka Fara Duba Tafin Takalminka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina neman ɗan fili a jaridarmu domin in yi magana a kan wani hoto da kuka buga makonni biyu da suka wuce a shafin shaƙatawa. Hoton wani bawan Allah ne tsaye a kan dutse a bakin teku, sandar fatsa a hannu, sanye da wandon shiga ruwa irin mai kaiwa har ƙirji. Hoto dai ya yi kyau, wannan ba musu. Amma ni ina ganinsa gabana ya faɗi, don kuwa babu bel a ƙugun mutumin, sannan takalmin da ke manne da wandon na roba ne zalla, irin wanda aka yi domin taɓo da fadama. Da a nan abin ya tsaya da na ja bakina na yi shiru. Sai na ga an rubuta a ƙasan hoton wai wannan ita ce shigar da ta dace da duk mai son fara kamun kifi a gaɓa mai duwatsu. Malam Edita, a cikin irin wannan shigar sak na kusa barin duniya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekarata 19 ina fatsa a kan duwatsu. Ban gaji kamun kifi ba, ba kuma da shi nake riƙe gida ba. Sha'awa ce ta kama ni da girmana, ta kuma ƙi sakina. A tsawon wannan lokaci na kashe wandon ruwa biyar, takalma kuwa na daina ƙirgawa, kuma har gobe idon sawuna na hagu shi ke fara gaya mini sanyi ya kusa shigowa.

Abin da na lura da shi, mai shirin sayen kayan nan daga sama yake fara tunani. Tambayarsa ta farko ita ce ko zai jiƙe. Sai ya ɗauko wandon da ya fi kowanne tsawo, ya shafa yadin, ya leƙa aljihu, ya ja zif sama da ƙasa, takalmi kuwa duk wanda aka haɗa masa da shi ya karɓa. Alhali a kan dutse jiƙewa ita ce ƙaramar matsala. Wanda ya jiƙe ya koma gida ya sake kaya. Wanda ƙafarsa ta zame kuwa, sai yadda Allah ya yi da shi. Don haka kullum nake cewa a fara daga tafin takalmi, a hau zuwa idon sawu, sannan a zo kan wando. In kuɗin bai isa a sayi masu kyau duka biyun ba, wando ne zai haƙura.

Ga yadda aka yi na koyi wannan karatun. A shekarata ta uku da farawa, wata safiya teku ta janye sosai, na sauka kan wani falalen dutse da ya ɗan karkata zuwa ruwa, irin karkatar da ido ba ya kamawa sai ka zuba ruwa ka ga inda ya bi. Koriyar gansakuka na san ta, ina kauce mata. Abin da ban sani ba shi ne wani baƙin abu da ke shimfiɗe a jikin dutsen kamar an shafa baƙin mai ya bushe. A inda na tsaya a bushe yake, tafin robar ya kama shi daram. Can sai wata 'yar igiyar ruwa, wadda ko idon sawu ba ta kai ba, ta zo ta lashi wurin ta koma. Ko kallo ba ta ishe ni ba. Kifi ya ja, na ɗaga sanda, na mayar da ƙafar hagu baya taki ɗaya don in gyara tsayuwa. Iyakar abin da na sani ke nan. Ban ji lokacin da ƙafar ta tafi ba balle in yi wani yunƙuri. Sama kawai na gani, ƙuguna ya daki dutse, na sulale kamar sabulu na faɗa wani lungu tsakanin duwatsu biyu inda ruwa ya kai mini ƙirji.

Ruwa ya kwararo ta saman wandon. Sanyinsa ya ɗauke mini numfashi, ina ta haki, ko sunan wani na kasa kira. Da na dawo hayyacina na kama bakin dutse da hannu biyu, bakin da bai fi tsayin kujera ba daga saman ruwa, na ce bari in ɗaga ƙafa in hau. Ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Muddin tana cikin ruwa tana motsi yadda nake so, amma da zarar gwiwa ta leƙo sarari sai ka ce an ɗaura mata buhun yashi. Ɗan yayana da muka je tare, lokacin shekararsa 16, shi ya kwanta rub da ciki ya damƙi igiyoyin kafaɗar wandon yana ja yana ihu, "Baffa, kar ka miƙe! Kwanta ka mirgino!" Da jan ciki na fito kamar kada, na kwanta kai a gangare har ruwan ya tsiyaye. Sai a sannan zafin ƙafar ya zo. Ashe garin faɗuwa takalmin ya maƙale a wata tsaga, ƙafar kuma ta juya a cikinsa, don faɗinsa kamar bokiti, ba abin da ya riƙe idon sawu. Targaɗe ne da tsagewar ƙashi, wata biyu ina dogara sanda. Kifin ya tafi da ƙugiyata, sandar ma yaron ne ya tsamo ta.

To mu zo kan tafin takalmi.

Akwai wanda ake kira fel. Wani matsattsen zare ne mai kauri, kamar an ɗauki bargo an danne shi har ya yi tauri. Wanda bai taɓa taka jiƙaƙƙen dutse da shi ba, in ka ba shi labari zai ce ƙari ka yi. Zaren yana lotsawa ya bi kowane ɗan kaushi na dutsen, yana kuma goge siririn yauƙin da ke kai, sai ka ji kamar an manna ka da gam. A kan dutse mai sulɓi da ke cikin ruwa ban ga abin da ya kama ƙafarsa ba. Sai dai fuska biyu gare shi. Ka bi da shi ta kan taɓo ko jiƙaƙƙiyar ciyawa a hanyar sauka gaɓa, shi zai fara kayar da kai tun ba ka ga ruwan ba. Yashi yana cika shi yana cinye shi. A kan ciyawar teku mai kauri kuma ba ya aikin komai, tunda bai taɓo dutsen ba, ciyawar ce ke tafiya da kai gaba ɗaya. Ga shi da daɗewa bai bushe ba, kwana da kwanaki, a cikin damshin nan kuwa ƙananan halittu kan rayu har a kwashe su a kai wani ruwan. Saboda wata gansakuka da ake kira didimo, wadda ta addabi kogunansu, ƙasar Niyu Zilan ta hana masu fatsa shiga ruwan daɗi da tafin fel tun 2008, jihar Alaska ta Amurka ta bi sahu a 2012, kuma akwai wasu jihohin Amurka masu irin wannan doka. Wanda yake yawo da takalmi ɗaya tsakanin teku da kogi sai ya san dokar inda yake, ya kuma bar shi ya bushe ƙarau kafin ya sauya ruwa.

Akwai kuma roba, ita ma suna ne ya tara su. Mai tauri mai manyan haƙora, irin ta mutumin hotonku, aikinta ta nutsa cikin laka ta kama. A kan dutse ba inda za ta nutsa, sai ƙarshen haƙoran kawai ke taɓa ƙasa. Mai laushi mai ƙananan zane ta fi ta nesa ba kusa ba. Mutane kan hango tambarin Vibram mai ruwan ɗorawa a ƙasan takalmi su ce magana ta ƙare. Tafi ne mai kyau, ina da shi, amma a tuna asalinsa na masu hawan tsauni ne. Wani mutumin Italiya, Vitale Bramani, shi ya fito da shi a 1937, bayan abokan hawansa shida sun rasu a tsaunukan Alps a 1935, abin da aka danganta da rashin takalmin kirki. Daga baya ne aka yi nau'in shiga ruwa. Roba tana da daɗin tafiya mai nisa, tana kama busasshen dutse da yashi da taɓo, tana jure wahala, tana bushewa da wuri. Amma komai kyanta a kan yauƙi take tsayawa, ba ta ratsa shi.

Abin da ke ratsa shi ƙusa ce. 'Yan gajerun ƙusoshi ne da ake murɗawa a tafin, roba ne ko fel, masu kan wani ƙarfe da ake kira tangistin kabayid, wanda ya fi ƙarfen yau da kullum tauri ƙwarai. Su ke huda gansakuka da ciyawa su ciji dutsen da ke ƙasa. Ranar da na fara tafiya da su na ji ƙarar nan ƙaras-ƙaras a ƙarƙashina, na ce ashe shekara uku da rai a hannu nake yawo. Ni goma sha biyu nake sawa a kowace ƙafa: huɗu a dunduniya, sauran a zagaye gefen gaba. Ba na sawa a tsakiyar tafi inda ƙafa ke lanƙwasa, don bayan awa biyu sai ka ji kamar kana taka tsakuwa. Kada kuma a cika su da yawa, domin in ƙarfe ya yi yawa robar ba za ta taɓa dutse ba sam, kuma a kan busasshen dutse mai tsananin tauri da sulɓi, ƙusa zalla tana iya ja da kai kamar kana kan gilashi. So ake robar da ƙusar su yi aiki tare.

Wata shekara na ce zan yi wayo, na ɗebo sukurori irin na kafinta na murɗa da kaina. Fita uku kawunansu suka cinye suka yi sumul, gishiri ya mayar da su jajawur da tsatsa. Mafi muni, biyu daga ciki sun fi kaurin tafin tsawo da ɗan kaɗan, abin da ban gani ba sai da na taka da nauyina. Tsininsu ya leƙo ciki ya huda safar da ke haɗe da ƙafar wandon, na wuni ƙafar dama cikin ruwa ina zargin ɗinki. Tun daga ranar, duk ƙusar da na murɗa sai na cire shimfiɗar ciki na zura hannu na danna wurin da yatsa.

Wasu sun fi son 'yan sandunan alminiyam da ake ɗaurawa a gicciye a tafin. Hikimarsu ita ce laushi: alminiyam yana lotsawa ya kama dutse maimakon ya zame a kai, shi ya sa ya yi fice a kan manyan duwatsu masu sulɓi. Laushin nan kuma shi ke sa ya cinye da wuri. Akwai ma takalma masu tafin da ake cirewa a sauya wani, irin na kamfanin Korkers, dabara mai kyau ga mai zuwa wurare iri-iri, muddin zai wanke yashin da ke shiga ramin ya kuma tabbatar tafin ya zauna daram kafin ya taka ruwa. Masu kamun kifi a duwatsun gaɓar Japan kuwa sun daɗe da haɗa fel da ƙusa a tafi ɗaya. In da za a ce in zaɓi guda don falalen dutse mai yauƙi, shi zan ɗauka. In kuwa akwai tafiya mai nisa ta kan taɓo da yashi kafin a kai ga ruwa, roba mai laushi da ƙusa nake sawa. Abu ɗaya dai, mai ƙusa kada ya shiga jirgin ruwan wani da ita, in ba rigima yake nema ba.

Duk da haka ba tafin da zai yi maka kallo. Launin dutse yana magana. Mai haske wanda ya bushe, ko wanda 'yan katantanwa masu kaifi suka manne masa, yana riƙe ƙafa, ko da yake in ka faɗi a kansa zai yanka ka kamar reza. Kore a yi hattara. Ciyawa mai ruwan ƙasa da ke kwance lif, a zagaye ta. Baƙin nan kuwa mai ƙyalli in ya jiƙe, wanda ke daidai inda feshin ruwa ke kaiwa, shi ne ya kayar da ni, kuma har yau da ƙusata da komai ba na taka shi sai na fara gwada shi da ƙafa ɗaya, nauyina yana kan ɗayar.

Jikin takalmin shi ma abin dubawa ne. Ya zama ya haura idon sawu ya kama shi tam. Ka riƙe shi da hannu biyu ka murɗa kamar mai matse wanki. In ya murɗu cikin sauƙi ajiye shi, haka zai murɗu da ƙafarka a ciki. Gabansa ya zama da tauri, don yatsu suna shan karo da dutse fiye da yadda ake zato. Ya kasance da 'yan ƙofofin da ruwa ke fita. Ramukan igiya kuma, in na ƙarfe ne mai tsatsa, ruwan gishiri zai gama da su kafin tafin ya tsufa, gara na roba ko na zare. Game da girma, yawanci lamba ɗaya ake ƙarawa a kan takalmin da ka saba sawa, saboda safar wandon tana da kauri. Amma kada a dogara da lamba. A sa safar ulu, a sa wandon, sannan a zura takalmin a ɗaure, a tsaya a kan gangare a ji. Yatsu su iya motsi, dunduniya kada ta ɗaga. Matsattsen takalmi yana hana jini gudu, ƙafa ta yi sanyi ta mutu, wanda ƙafarsa ta mutu kuwa ba ya jin abin da yake takawa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: a yi kwana biyu ana zagaya gida da shi kafin a kai shi bakin ruwa.

Wannan shi ya kawo mu kan wando, kuma rabin zaɓin an riga an yi shi. Wando iri biyu ne, mai haɗe da takalminsa da mai ƙarewa da safa wanda ake saya wa takalmi daban. Mai haɗen yana da saurin sawa, yana da ɗumi, yashi ba ya shiga, a bakin ruwa mai rairayi ko taɓo ba laifi. A kan duwatsu kuwa na riga na gaya maka abin da ya yi wa ƙafata. Mai safa nake sawa, da 'yar rigar da ke rufe bakin takalmi don hana tsakuwa shiga, domin tsakuwa ɗaya in ta wuni tana gogar safa ta isa ta huda ta.

Ta fuskar yadi, na roba ko leda mai kauri ya fi araha kuma yana jure ƙaya, amma nauyi gare shi, ba ya lanƙwasa, gumi kuma ba ya fita, ka wuni a jiƙe ba tare da ruwa ya taɓa ka ba. Na niyofirin, wato robar nan mai kama da soso da masanan kamfanin DuPont suka samar a 1930, yana zuwa da kaurin milimita 3 zuwa 5. Don ruwan sanyi aka yi shi, yana da ɗumi, yana ɗan taimaka wa mutum ya taso, in ka durƙusa a kan dutse kuma yana kare gwiwa. A lokacin zafi kuwa azaba ne. Sai mai numfashi, irin yadin Gore-Tex da makamantansa, wanda asalinsa binciken da wani Ba'amurke mai suna Bob Gore ya yi ne a 1969, aka fara yin wandon ruwa da shi a farkon shekarun 1990. Ƙofofinsa ƙanana ne ƙwarai, tururin gumi yana fita, ɗigon ruwa ba ya shiga. Shi ne mafi daɗin hawa da sauka, shi ne kuma katantanwa ta fi saurin yagawa. Wanda zai saye shi don duwatsu ya nemi mai ninki huɗu ko biyar daga gwiwa zuwa ƙasa da wajen zama. A ƙarƙashinsa kada a sa auduga, tana riƙe gumi ta sanyaya jiki, jins kuma ɗinkinsa yana cin wandon ta ciki. Ulu ko yadin roba mai laushi ya fi.

Wajen gwaji, ka tsuguna har ƙasa, sannan ka ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera kamar mai hawa dutse. In ka ji yana ja a gwiwa ko a tsakanin cinyoyi, ɗinkin wurin ba zai yi shekara ba. In kuma ya yi yawa har yana tattarewa, ninkin nan ne zai riƙa gogar juna har ya ɓule. Tsawo kuwa, yawancin masu tsayuwa a kan dutse ruwa ba ya wuce musu gwiwa. Mai tsayawa a ƙugu ya ishe su. Na lura mai kaiwa ƙirji yana sa wa mutum ƙarfin hali na banza, ya riƙa cewa bari in ƙara taki ɗaya.

Yanzu maganar bel, wadda ita ta fi tayar mini da hankali a hoton. Ana yawan cewa wando in ya cika da ruwa yana jan mutum zuwa ƙasa. Ni da abin ya faru da ni ba haka na gani ba, hankali ma bai ba da haka ba, tunda ruwan da ke ciki nauyinsa ɗaya da na waje. Bala'in yana wajen fita. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, in lita 20 ta shiga to da kilo 20 za ka hau dutse mai santsi, da hannuwan da sanyi ya riga ya kashe. Ruwa kuwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 a kan yadda iska ke yi. Sannan bakin wandon in a buɗe yake, igiyar ruwa tana cika shi kamar buhu ta ja ka duk inda ta ga dama. Bel mai faɗi da aka ɗaure tam a ƙugu yana rage shigar ruwan, ya ba ka 'yan mintunan da kake bukata. Kafin ka ɗaure, ka tsuguna iskar da ke ƙafafu ta fita, don in ta taru a can ƙafafun ne za su taso sama. Ni biyu nake ɗaurawa in na sa mai ƙirji, ɗaya a ƙugu ɗaya a ƙasan hammata. Abokai suna yi mini dariya, ina barinsu.

A saman wannan duka sai rigar ceto. Na fi son mai soso a kan wadda ake hurawa, don tana aiki ko ka suma, tana kuma kare haƙarƙari in ruwa ya maka ka da dutse. A Ostareliya, jihar da birnin Sidni yake cikinta ta yi doka a 2016 da ta tilasta wa masu kamun kifi a kan duwatsu sa rigar ceto a wuraren da aka ayyana masu haɗari, saboda yawan rayukan da ake rasawa.

Akwai ma wurin da shawarata ita ce kada a sa wandon ko kaɗan. Duk dutsen da ke fuskantar buɗaɗɗiyar teku, inda manyan igiyoyi ke zuwa su fashe, ba wurin wandon ruwa ba ne. A can in ruwa ya ɗauke ka, abin da ake so ka yi nesa da duwatsun ka kwanta rigingine ka jira taimako ko ka nemi wuri mai sauƙin fita, wannan kuwa sai da kaya marasa nauyi. Takalmi mai ƙusa, wando mara nauyi ko matsattsiyar rigar masu ninƙaya, da rigar ceto, sun wadatar. Wandon ruwa na lungunan teku ne da ke da kariya, da bakin kogi, da gaɓar tafki mai duwatsu. Ko a nan ɗin ma ina zama a tudu minti 20 ina kallon ruwa kafin in sauka, don igiyoyi ba girmansu ɗaya ba, babbar takan zo ne bayan ka saki jiki. A yawancin gaɓoɓi teku tana cika sau biyu ta janye sau biyu a kwana, lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana, kuma cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Abin da ke rutsawa da mutane shi ne ba da gudu ɗaya take tahowa ba. A cikin awa shida na cikar, kusan rabin ruwan a awa ta uku da ta huɗu yake zuwa. Ka duba hanyar da ka bi a awa ta biyu ka gan ta a bushe, ka juya ka ci gaba da jifa, ka sake waiwayowa ka tarar ta zama kogi. A nan ne mai dogon wando yake cewa ai zan iya ratsawa.

Kula da kayan ba wuya. A ɗauraye da ruwan daɗi duk dawowa, musamman zif da ramukan igiya. A juya wandon a shanya cikinsa tukuna, sannan bayansa, a inuwa, nesa da wuta. In yana yoyo ba ka ga ƙofar ba, ka juya shi ka fesa sifirit irin na wanke ciwo a wurin da kake zargi. A yadi mai numfashi, kafin ka ƙirga goma sai ka ga ɗan baƙin ɗigo ya fito kamar tawada, nan ne ƙofar. Ka zagaye shi da biro, ka bari ya bushe, ka ɗiga gam na roba irin su Aquaseal, ka bar shi ya kwana. Wandon da nake sawa yanzu ɗigo 14 ne a jikinsa, yawanci a gwiwar dama da nake durƙusawa a kai in cire ƙugiya, kuma ko damshi ba na ji.

Roƙona gare ka, Malam Edita, in za ku sake buga irin wannan hoton, a sa wa mutumin bel da rigar ceto, a kuma ce ya ɗaga ƙafa ɗaya mai karatu ya ga abin da ke ƙasan takalminsa. In an rasa wanda zai tsaya, ɗan yayan nan nawa yana nan, yanzu magidanci ne da 'ya'ya biyu, shi ke duba mini bel kafin mu sauka kamar ni ne yaron. Jiya ma da ya zo ya juya takalmina ya nuna mini ƙusa uku sun fice daga dunduniyar dama, ya ce ba inda za mu ranar Asabar sai na mayar da su.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naku,
Wani mai fatsa, mai karanta ku kullum